Tarihin Haske: Daga Maƙera Zuwa Allon Rana

Ya kai mai karatu, ka san aikin maƙera. In maƙeri ya sa ƙarfe a wuta, yaro yana zuga, ƙarfen sai ya yi ja. In an ƙara zuga, ya koma rawaya, daga nan ya yi fari. Da launin nan maƙeri yake gane zafin ƙarfe. To, me ya sa launi yake bin zafi? Masana sun daɗe suna neman amsa. Ga yadda aka yi.

A shekarar 1666, wani masani na Ingila, Izak Niyuton, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku. Sai farin haske ya rabu launi bakwai, irin na bakan gizo. Ashe fari taron launuka ne. Daga baya masana suka nuna haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, irin wadda ke bazuwa in ka jefa dutse a tabki. Saurinsa kilomita 300,000 ne a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa gonarka, minti 8 da ƴan kai.

Amma da aka zo kan abu mai zafi, lissafin masana ya ƙi daidaita da abin da suka auna. A watan Disamba na 1900, wani malami a Barlin ta ƙasar Jamus, Maks Plank, ya warware matsalar. Ya ce ƙarfin haske ba ya kwarara kamar kogi. Guga-guga yake fita, kamar ruwan rijiya, kuma babu rabin guga. Kowane launi da girman gugansa: na ja ƙarami ne, na shuɗi babba. Ƙarfe mai ɗan zafi ƙananan guga kawai yake iya cikawa, shi ya sa yake ja. In zafi ya ƙaru, manyan su ma su fito, launuka su haɗu, ka ga fari. Wannan gugan shi ake kira kwanta.

A 1905, Albat Ainishtain, saurayi ɗan shekara 26 mai aikin ofis a ƙasar Suwis, ya ƙara gaba. An riga an lura cewa wani haske yana fizgo ƴan ƙwayoyin lantarki daga jikin ƙarfe, wani kuwa ba ya iyawa, kome yawansa. Ainishtain ya ce haske ɗin kansa ƙwaya-ƙwaya yake. Ka tuna jifar goruba: ko ka watsa rairayi kwando guda, ba ta faɗowa, amma dutse ɗaya mai nauyi ya isa. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta 1921.

A 1913, Nils Bor na ƙasar Danmak ya kai zancen cikin ƙwayar zarra. Ya ce ƙwayar lantarki tana zaune kamar kan tsani, ba ta tsayawa tsakanin mataki biyu. In ta sauko, sai ta saki haske. Kowane sinadari da irin tsaninsa. Gwada ka gani: barbaɗa gishiri a harshen wuta, za ka ga rawaya. Jan ƙarfe kuwa kore yake bayarwa.

Kada ka ce wannan zancen Turawa ne kawai. A 1954 aka ƙera allon rana na zamani a Amurka, wanda ƙwayoyin haske ke bugawa ya ba da lantarki. A ƙasarmu, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin nazarin ƙarfin rana a Yamai daga 1969 zuwa 1985. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Saboda haka, in kana da allon rana, riƙa goge masa ƙura, kada ka bar shi a inuwa. Ƙwayar hasken da ba ta kai gare shi ba, ba za ta kunna maka fitila ba, ba za ta ɗago maka ruwa ba.