Hujja Kafin Magani: Tarihin Bitamin D da Yara Masu Galahanga



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi diddigin wata magana da ta yaɗu a tsakanin iyaye, watau cewa bitamin D yana warkar da galahanga, larurar da likitoci ke kira otizim. Zan fara ne daga unguwar Madabo da ke cikin birnin Kano, domin a can ne za mu ari ma'aunin da za mu auna maganar.

Madabo da al'adar neman hujja

Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), amma littafin Asl al-Wangariyyin ya sanya zuwan shugabansu, Abdurrahman Zaite, a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Ko wanne aka ɗauka, Madabo ta zama mazaunin zuriyarsu, ta kuma shahara da karatun fiƙihu, musamman Muhtasar na Halil, littafin da ke rarrabe wa almajiri zance mashahuri, wanda ake fatawa da shi, daga zance mai rauni. A farkon ƙarni na 20, sa'ad da Malam Muhammadu Salga ya saɓa wa Madabawa a kan wasu al'adun jana'iza, da rubutu aka yi jayayyar, kowane ɓangare ya kawo hujjarsa. Ma'aunin ke nan: kada a karɓi magana don daɗinta, sai an ga a kan me ta dogara.

Yadda aka gano bitamin D

Asalin labarin bitamin D labarin ƙashi ne. A 1650 Francis Glisson ya wallafa littafi a Ingila a kan ciwon laushin ƙashi, wanda ke sa ƙafar yaro ta yi gwame ko ta lanƙwashe kamar baka. Ciwon ya yi ƙamari a biranen masana'antu, inda hayaƙi da cunkoson gidaje suka tare rana. A 1890 Theobald Palm ya lura cewa ciwon ya fi yawa inda hasken rana ya yi ƙaranci. A 1919 Edward Mellanby ya warkar da shi a jikin 'yan kwikwiyo da man hantar kifi, a shekarar kuma Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Balin da hasken wata fitila ta musamman. A 1922 ne Elmer McCollum ya tabbatar cewa sinadarin da ke cikin man nan daban yake, aka raɗa masa suna bitamin D.

Aikinsa kuwa shi ne: rana ta taɓa fata, fata ta ƙera shi, hanta da ƙoda su sarrafa shi, sa'an nan ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, watau sinadarin da ake gina ƙashi da shi.

Darasin Jos

To, mu da rana ba ta yanke mana, me ya sa ake ganin yara masu lanƙwasassun ƙafafu a ƙasarmu? A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Jos a kan yara 123. An raba su kashi uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyu. Bayan mako 24, waɗanda suka sami kalsiyam sun fi samun sauƙi. Ashe abincin yaran, wanda galibinsa hatsi ne ba madara, kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. Watau ko a ciwon da aka san bitamin D da shi, amsar Ingila ba ta zama amsar Jos ba sai da aka gwada.

Shigar galahanga cikin labarin

A 1943 Leo Kanner, likita a Amurka, ya bayyana halin yara 11 waɗanda ba sa cuɗanya da mutane, maganarsu ta bambanta da ta tsaransu, suna kuma maimaita abu guda. An daɗe ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin jan ɗa a jiki ne sanadi, har bincike ya rushe wannan zargi, ya nuna cewa gado yana da babban kaso. Mu ma nan mun san yadda akan kira irin yaron nan ɗan ruwa, ko a ce iska ce ta taɓa shi.

A 2008 John Cannell ya gabatar da hasashen cewa ƙarancin bitamin D yana da hannu a larurar. A shekarar kuma aka ba da rahoto daga birnin Istokholm cewa larurar ta fi yawa a 'ya'yan Somaliyawa, mutane masu baƙar fata da ke zaune a ƙasa mai ƙarancin rana. Amma haɗuwar abu biyu a wuri guda ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Alal misali, yaro mai galahanga yakan ƙi yawancin abinci, yakan kuma wuni a ɗaka, saboda haka larurar kanta tana iya jawo ƙarancin bitamin.

Sai aka koma ga gwaji. A 2016 wani gwaji daga Asyut ta Masar, a kan yara 109, ya ba da labarin sauƙi mai yawa, labarin ya zaga duniya. A 2019 mujallar da ta buga shi ta janye shi saboda shakku a kan alƙalumansa. A 2017 kuwa an gwada yara 42 a Dabilin ta Ayalan har mako 20, ba a ga bambanci ba a babban abin da aka auna. Janyewar ba ta yaɗu kamar yadda labarin farko ya yaɗu ba.

Kammalawa

Idan muka ɗora maganar a ma'aunin Madabo, ga yadda take. Zance mashahuri shi ne: yaron da gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin bitamin D, mai galahanga ne ko waninsa, a ba shi gwargwadon da likita ya ƙayyade, a kuma kula da madara da nono a abincinsa. Zance mai rauni shi ne cewa bitamin ɗin yana warkar da galahanga. Daɗin daɗawa, yawansa na da illa, domin taruwa yake yi a jiki, ya ɗaga kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda. An zargi yawan zuba shi a madarar jarirai da haddasa irin wannan a Ingila cikin shekarun 1950.

Abin da ke cikin haɗari shi ne kuɗin iyaye da kuma shekarun farko na yaro, waɗanda ya kamata a yi amfani da su wajen koya masa magana da hulɗa da kula da kansa. Ina roƙon ma'aikatan lafiya da na ilimi da ke nan su sa wannan a gaba. Ku kuma ɗalibai, duk wanda ya miƙo muku kwalba, ku tambaye shi: a ina aka gwada, a kan yara nawa, kuma maganar tana nan tsaye har yanzu?