Daga Falgore Zuwa Nguru: Yadda Kacalla Ke Cinye Kogi

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa, to ya taka ƙasar da Kogin Kano ke ketawa. Daga tsaunukan Jos ruwan yake gangarowa, ya bi ta dajin, ya wuce ƙasar Tudun Wada, ya zube a tafkin Tiga. Can gaba ya haɗu da Kogin Challawa, su bi ta Wudil su nufi Haɗeja da Nguru. Abin da duk ya faɗa ruwan nan a Doguwa, mutumin Yobe ma yana da rabo a ciki.

Kafin 1974, kogin nan mai zuwa ne mai komawa. Da damina ya cika ya batse, ya malale fadamun Haɗeja, masunta su yi su, manoma su yi shinkafa. Da rani ya janye sai yashi, makiyaya su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawar da ya bari. Ciyawar kacalla, wadda wasu ke kira geranya, tana nan tun a lokacin, amma a gefen tafkuna take rakuɓe. Rani ne linzaminta: ƙasa na bushewa, sai ta ja da baya.

Tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Audu Bako, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Niyyar alheri ce, kuma wanda ya ga farin 1973 ba zai raina ta ba. Da ruwan Tiga Kadawa da Kura suka zama gidan tumatir da alkama da shinkafa, da shi kuma birnin Kano ke kashe ƙishi. A 1992 aka kammala ta Challawa a Ƙaraye. Daga nan kogi ya daina bushewa, ya kuma daina zuwa da ƙarfin da ke share hanyarsa. Sai ruwa mai tafiyar hawainiya rani da damina, ɗauke da laka da ragowar takin zamani. Abin da kacalla ke nema ke nan.

Ka tsaya kusa da ita ka gani. Ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero mai ruwan ƙasa. In ya nuna sai ya fashe kamar auduga, iska ta kwashi iri ta watsa ko'ina. A ƙarƙashin laka kuma saiwarta na rarrafe tana fitar da sabon tsiro. Ka ƙone ta, ta tofo. Ka sare ta a sama, ta tofo. Sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya rasa iska, sannan take mutuwa, aikin da ke sa mutum ya yini tsamo-tsamo da lauje a hannu.

A hankali ta cike magudanan noman rani, ta toshe rassan kogi irin su Burum Gana. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata ta Marma ya kwanta a gonakin mutanen Nguru, wasu garuruwan kuma ya daina isa gare su. Kwalekwale ya kasa wucewa, taru ya rasa inda za a shimfiɗa shi. Tsuntsayen jan-baki suka sami masauki, daga nan suke tashi su auka wa gero da shinkafa. Sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya su ma suka yi gida. Mutanen ƙauyuka sun sha fita gayya don buɗe hanyar ruwa, gwamnati ta sayo injinan yasa, amma har ambaliyar 2020 da ta 2022 ana ambaton kacalla cikin abubuwan da suka hana ruwa wucewa.

Kacalla 'yar gida ce da muka kwance wa linzami. Akwai kuma baƙin da suka ƙetaro teku. A 1984 wata ciyawar ruwa mai fure shuɗi, dangin kainuwa a ido, ta shigo Nijeriya ta Badagry. Asalinta Kudancin Amurka ne, kuma don kyan furenta mutane suka riƙa ɗaukarta ƙasa-ƙasa. Yau ta kai Kainji, ta kai Yamai. A 2016 ƙwaron tumatir da manoma ke kira sharon, shi ma ɗan Kudancin Amurka, ya ƙone gonakin Kadawa har masana'antar tumatir ta garin ta tsaya. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Nijeriya, kuma manomin Doguwa da Tudun Wada ba sai an ba shi labarinta ba.

Wasu baƙin kuwa daga keji suka fito. A 1859 wani Bature ya saki zomaye 24 a gonarsa a Ostireliya don farauta, jikokinsu suka cinye makiyayar ƙasar. A jihar Fulorida ta Amurka, mutane sun sayi mesar ƙasar Bama suna kiwo a gida, da ta girma ta fi ƙarfinsu sai wasu suka sake ta a fadama. Ta hayayyafa ta kusan ƙarar da ƙananan namun dajin wurin, har a 2012 gwamnati ta hana shigo da ita.

Wannan ne ya sa hankalina ke tashi idan na ga yadda kiwon kifin ado da kunkuru da tsuntsayen ƙasashen waje ke yaɗuwa a gidajen Kano. Ranar da mai shi ya gaji, zuciya za ta raya masa cewa tausayi ne ya kai su Tiga ko Falgore ya saki. Ba tausayi ba ne. Ko dai dabbar ta mutu da yunwa, ko ta rayu ta danne 'yan gida. Wanda ya kasa riƙo ya mayar wa wanda ya sayar masa, ko ya ba mai iyawa, ko ya nemi shawarar likitan dabbobi. Ruwan kwalbar kifi da ciyawar cikinta ma a zubar a busasshiyar ƙasa, nesa da rafi.

Kainuwa ce ake wa kirari da dashen Allah. Kacalla da waɗannan baƙin kuwa da hannunmu a ciki. Shekara 50 bayan Tiga, mutanen Haɗeja da Nguru na nan cikin ruwa da lauje. Mu da ke zaune a kan kogin, a Doguwa da Tudun Wada da Bebeji, mu kula da abin da muke saka masa, don ba ya dawo da abin da ya tafi da shi.