Tabkin Chadi da hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu



Duk wanda ya tashi a ƙasar Gidan Sori ko Agye ko Gazawa ya san maganar nan ta "wane ya tafi tabki". Ba mai tambayar wane tabki ne, don kowa ya sani. Kwaltar nan da ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri da Maradi, ta wuce Agye da Gazawa da Tasawa da Damagaram, can N'guigmi take kaiwa, fiye da kilomita 800 daga Maradi. Ita samarinmu ke bi zuwa su da noman bakin ruwa, ita kuma ke kawo muna banda da tattasan Diffa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, neman hanyar wannan ruwa na cikin abin da ya sa yau muke ƴan Nijar, ƴan uwanmu na Jibiya da Katsina suke ƴan Najeriya. Za mu zo nan, amma bari mu fara da ruwan kansa.

Tabkin Chadi ba irin manyan tabkunan gabashin Afirka ba ne, waɗanda ke kwance cikin tsagewar ƙasa. Tanganyika, alal misali, zurfinsa ya kai mita 1,470. Namu kamar faifai yake: faɗi ba zurfi. Wurare da yawa gora kawai mai jirgi ke sawa ya tura, kuma ko lokacin da yake cike makil, da wuya a samu inda ya wuce mita 10. Tsagewar ƙasar tana nan, sai dai tsohuwa ce, rairayi ya binne ta tun zamanin da ba mutum a duniya, kuma daga cikinta ne ake haƙo man Agadem da ake tacewa a Damagaram tun 2011. To da yake tabkin ba ya da zurfi, in ruwa ya ƙaru da kamu ɗaya sai ya malale tafiyar yini, in ya ragu da kamu ɗaya sai gari ya wayi bakin ruwa ya gudu ya bar shi.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da Logon, waɗanda ke kwaso damanar Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Ta wajenmu kuwa Komadugu Yobe ce ke shiga kusa da Boso, ita ce iyakar Nijar da Najeriya a can, kuma asalinta kogunan Kano da Haɗeja da Jama'are ne. Wato ruwan da ya sauka a Kano yana iya ƙarewa a gonar tattasai a jahar Diffa, in madatsun Tiga da Calawa sun bar shi ya wuce. Gulbinmu na Maradi shi bai da rabo a ciki, yamma ya nufa, wajen Rima.

Ga abin mamaki: ruwa na shiga, ba kogin da ke fita, rana na shanye mafi yawansa, amma ruwan daɗi ne, mutum da dabba na sha. A ƙa'ida irin wannan tabki gishiri yake zama. Abin da ya cece shi, yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa, yana tafiya da gishirin wajen arewa maso gabas, inda ƙasa ta fi shi gangare. Cikin kwarurrukan Kanem gishirin ke fitowa ya daskare ya zama kanwa. Masana sun nuna cewa shekaru kamar 7,000 da sunka wuce wani teku ne a wurin, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000. A 1987 wani makiyayi na haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Hazon nan da ke rufe muna gari lokacin ɗari, mai sa tari da kaushi, mafi yawansa daga Bodele yake tasowa, wato busasshen gindin wancan tsohon teku. Ko wanda bai taɓa zuwa tabki ba yana shaƙar ƙurarsa kowace shekara.

Kifi kuwa, sai wanda ya gani. Fiye da iri 100 ne: giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, yauni, ƙurungu, tsage, har da gaiwa mai shiga laka ta kwana rani. Akwai dorina da kada, akwai kwasakwasa da gauraka da dinya, ga tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su ƙetare hamada su yi hunturu a nan. Giwaye garke-garke matafiyan dauri sunka iske suna kiwo a bakin ruwa. Yau sai ƴan kaɗan ta wajen kudu. Masu tsibiran su ne Buduma, da ke kiran kansu Yedina, masu ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi da ita. Su ke da shanun Kuri, farare masu ƙaho kamar tulu, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Sauron wurin kam ba a ba da labarinsa, duk wanda ya yi tabki ya san ba a kwana sai da gidan sauro.

Littattafan lakwal na cewa a 1823 anka "gano" tabkin. Mu dai wannan kalma ba ta kwanta muna ba. Daular Kanem da Barno ta yi kusan shekara dubu a gefensa, Ibn Sa'id ya rubuta labarinsa da Larabci tun ƙarni na 13, kuma alhazanmu masu tafiya Makka a ƙasa ta nan suke ratsawa. Abin da ya faru ran 4 ga Fabrairu 1823 shi ne Nasara uku ƴan Ingila, Denham da Clapperton da likita Oudney, sun fito daga Tarabulus ta Bilma sunka hango ruwan. Damuwarsu ita ce ina kogin Kwara ke ƙarewa, don wasunsu na zaton cikin wannan tabki yake zuba. Shehu Laminu ya sauke su a Kukawa. Denham ya zagaya har bakin Shari, ya ma raɗa wa tabkin suna Waterloo, sunan da ko kwana bai yi ba. Oudney ya mutu kusa da Katagum, Clapperton ya kai Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Tafiya ta biyu ita ta fi shafarmu. A 1850 Ingila ta sake turo wasu uku: Richardson, da Jamusawa biyu, Barth wanda ya kira kansa Abdulkarim, da Overweg da ake ce wa Tabib. Sun taho da jirgin ruwa na katako, an yanka shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa raƙuma, tun daga Tarabulus har ta Abzin. Ku duba wannan hali, a ɗauko jirgi a ratsa hamada da shi! A watan Janairu 1851 sunka rabu a Damargu. Richardson ya nufi Damagaram, bai kai Kukawa ba ya mutu a hanya. Barth ya sauka Tasawa, ya zo Gazawa, ya iske ta kewaye da shinge mai ƙarfi don tana bakin daga tsakanin Maradi da Katsinar Fulani. Daga nan ya ratsa dajin da ba kowa, ya wuce kufan Ɗankama, ya shiga Katsina. Overweg kuwa yamma ya yi, ya zo Maradi da Gobir ya yi makonni, sannan ya koma gabas. Wato mutumin da ya fara sa jirgin Nasara cikin Tabkin Chadi sai da ya sha ruwan Gulbin Maradi tukuna.

Da Barth ya isa Kukawa a watan Afrilu, ya hau doki ya tafi Ngornu don ya ga ruwan da ya sha wuya dominsa. Bai ga komai ba sai fadama da ciyawa iya ganin ido. Bayan ƴan shekaru ruwa ya taso ya ci garin Ngornu ɗin. Overweg ya haɗa jirginsa, ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Buduma, waɗanda Barebari ke tsoro, sunka karɓe shi lafiya. Bai samu ya rubuta littafi ba: zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari, bakin tabkin, ran 27 ga Satumba 1852, yana da shekara 30.

Akwai wani yaro da bai kamata a manta da shi ba cikin wannan labari. Sunansa Dorugu, Bahaushe ne daga Dambanas ta ƙasar Kance, an kama shi bawa yana ƙarami an sayar a Barno. Overweg ya fanshe shi, ya zama mai kula da raƙumansa. Bayan mutuwar maigidan ya bi Barth har Tumbutu, ya bi shi Ingila a 1855. A can ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, wani mai suna Schön ya rubuta, yana cikin littafin Magana Hausa. Ya dawo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912. Ana kiran sunayen Nasaru, amma masu jan raƙuma da masu nuna rijiya da tafintoci namu ne.

Waɗannan da takarda da alƙalami sunka zo. Na bayansu da bindiga. Faransa ta ƙudurta sai ta haɗa mulkinta na Aljeriya da na Kwango da na yamma a bakin Tabkin Chadi, ta tura rundunoni uku. Wadda ta biyo ta ƙasarmu a 1899 ita ce ta Voulet da Chanoine. Sun yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, sun yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake faɗi, sunka yo gabas suna ƙone garuruwa suna cika rijiyoyi da gawa, har Koran Kalgo. Labari ya kai Faris, anka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa anka harbe shi a Ɗankori. Cikin kwana uku sojojinsu sunka juya musu, sunka kashe su duka biyu. Kaburburansu na nan a Maijirgi. Sauran rundunar ba ta tsaya ba: ta ci Damagaram a ƙarshen watan, ta kai tabki, kuma ran 22 ga Afrilu 1900 rundunonin uku sunka haɗu sunka kashe Rabe a Kusuri, inda kwamandansu Lamy ma ya faɗi.

To ga inda maganar ta zo kanmu. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa sunka yi a 1898, Maradi da Tsibiri da Ƙonni duk ɓangaren Ingila sunka faɗa. Faransawa sunka ga hanyar da anka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram da tabki ta yi arewa ƙwarai, ba rijiyoyi, ayari ba ya iya bi. Sunka yi ta kuka har anka sake zama a 1904 da 1906, anka turo iyaka kudu. Cikin abin da Faransa ta bayar a musaya har da haƙƙinta na kamun kifi a wani tsibiri na Kanada. Ba a tambayi Sarkin Katsinan Maradi ba, ba a tambayi Sarkin Gobir ba. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da takwaransa na Ingila sunka bi daji suna kafa alamun iyaka har bakin ruwa. Shi ya sa yaranmu ke karatu da Faransanci, na ƙanen babanmu a Jibiya ke yi da Turancin Ingila.

Tilho ɗin nan ya auna tabkin sosai, kuma ya iske arewacinsa a bushe. Shi ya kasa shi uku: ƙarami, matsakaici da babba. Wannan na da muhimmanci, don yau kowa na faɗin tabki ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma lokacin ne, ran 22 ga Mayu 1964, Diori Hamani da Tafawa Ɓalewa da Ahidjo da Tombalbaye sunka kafa hukumar kula da shi. Farin 1973 ya raba shi biyu, wani tudu ya fito a tsakiya. A farin 1984, shekarar El-Buhari da dattawanmu ba su manta ba, ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,500, ɓangaren Nijar ya bushe ƙurmus, masuntan N'guigmi sunka bi ruwa kudu. Amma masu wannan lissafi suna auna shekarar da ya fi cika ne da shekarar da ya fi ramewa. Tun shekarun 1990 ruwa na dawowa, wasu shekarun har ɓangarenmu, kuma ƙasar da ya janye ya bari ta zama gonakin masara da wake da wurin kiwo. Shirin nan na jawo ruwa daga kogunan Kwango, da ake ta maganarsa shekara da shekaru, har yau yana kan takarda.

A ganinmu abin da ya kori mutanenmu daga tabki a ƴan shekarun nan bai kai ƙarancin ruwa ba kamar rashin kwanciyar hankali. A Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, hukuma ta ce kowa ya fita daga tsibiran. Mutum wajen 25,000 sunka fito, da yawansu a ƙasa cikin zafin bazara, sunka bar jirage da koma da dabbobi. Anka hana su da fataucin kifi da na tattasai don kada kuɗin ya kai hannun ƴan bindiga. Cikin waɗanda sunka fito akwai Hausawa da yawa, wasu sun yi shekara ashirin a can, sunka dawo gida hannu rabbana sunka iske gonar gado ta yi wa magada kaɗan. An ɗage hanin tattasai a 2017, na su a 2019, wasu sun sake ɗaura kaya sun koma, ko da yake tsibirai da yawa har yanzu ba a shigarsu sai da sanin masu daji.