Tsibirin Kurkukun da Ba a Taɓa Kulle Ɗan Fursuna a Cikinsa Ba

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne. Bara na je Zanzibar hutu, na ce bari in leƙa wani ɗan tsibiri da ake kira Changuu, wanda 'yan yawon buɗe ido suka fi sani da Tsibirin Kurkuku. Na tafi ne don ninƙaya da ganin kunkuru, na dawo da abin da ya fi ƙarfin hoto. 🧵

2/ Daga tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, kwalekwale mai inji ake hawa, tafiyar wajen rabin awa. Nisan bai kai kilomita 6 ba. Tsibirin kansa ƙarami ne, tsawonsa kamar mita 800, faɗinsa mita 230. Sunan Changuu kuwa na wani kifi ne a harshen Suwahili.

3/ Ni da ban iya ruwa sosai ba, aka ɗaura mini rigar hana nutsewa, aka ba ni tabarau da bututun numfashi. Ina tsoma fuska, subhanallahi! Kifaye kala-kala suna zirga-zirga a tsakanin duwatsun murjani, ko a jikinsu. Sai da mai kwalekwale ya yi ta kira kafin na fito.

4/ Da muka hau tudu sai ga wani tsohon gini mai ɗakuna a jere. Wani da muka zo tare ya ce, "Ai nan ne aka riƙa ɗaure bayi." Kowa ya gyaɗa kai, aka hau ɗaukar hoto. To, maganarsa rabi gaskiya ce, rabi kuskure. Bari in warware muku.

5/ Har wajen shekarun 1860 ba kowa ke zaune a tsibirin ba. Sarkin Zanzibar na lokacin, Majid bin Sa'id, shi ya ba wa wasu Larabawa biyu shi. Su kuma suka mai da shi wurin tsare bayin da suka ƙi lanƙwasuwa, kafin a sayar da su ko a tura su ƙetare.

6/ Ku duba dabarar. Ba sai an yi katanga ba, teku ce katangar. Tsibirin ba shi da rijiya ko ƙorama ta ruwan sha. Mutumin da aka kamo daga can cikin ƙasa, wanda wataƙila bai taɓa ganin teku ba, ina zai gudu? Ruwan da na gama wasa a cikinsa, shi ne sarƙarsu.

7/ A 1873 Sarki Barghash, bisa matsin lambar Birtaniya, ya rufe babbar kasuwar bayi ta Zanzibar. A filin kasuwar aka gina cocin Angilika da ke nan har yau. A 1890 kuma Birtaniya ta mai da Zanzibar ƙarƙashin ikonta.

8/ Sai a 1893 Lloyd Mathews, Baturen da ke riƙe da muƙamin babban ministan sarki, ya sayi tsibirin da sunan gwamnati don a yi gidan yari na gaggan masu laifi. Aka kammala ginin a 1894. Kun ga ke nan ginin ya zo bayan zamanin tsare bayin da wajen shekara 30.

9/ Abin mamaki, ba a taɓa kai ɗan fursuna ko ɗaya ba. Turawa sun tsorata da annoba, musamman shawara, kada jiragen ruwa su shigo da ita gari. Sai aka mai da ɗakunan wurin killace fasinjoji, su yi sati ɗaya ko biyu kafin a bar su su wuce.

10/ Jiragen ba duk shekara suke yawa ba. Idan wurin ya zama fanko, sai Turawan gari su zo shan iska. Wato tun wancan zamanin, wurin da wasu suka sha azaba ya zama wurin hutun wasu. Mu dai gado muka yi.

11/ Kunkuran fa? Su ma baƙi ne. A 1919 gwamnan Birtaniya na tsibiran Seychelles ya aiko da guda 4 kyauta, irin ƙattin nan na Aldabra. Babba a cikinsu yakan haura kilo 200. Suka hayayyafa, a 1955 sun kai wajen 200.

12/ Daga nan sai hannun ɗan Adam ya shiga. Aka riƙa sace su, wasu a sayar ƙetare, wasu a ci. Zuwa 1996 saura 7 kacal. Sai da gwamnati ta kewaye musu fili da tsaro kafin suka farfaɗo. Yanzu suna nan da dama, wasu an rubuta shekarunsu da fenti a ƙoƙon bayansu, ga dawisu suna yawo a tsakaninsu.

13/ Na tsaya gaban wani tsoho yana tauna ganye a hankali, na ce ikon Allah. Tsibirin da aka yi wa suna da kurkuku, yau kunkuru kaɗai ke tsare a ciki, shi ma don a cece shi daga gare mu.

14/ Abin da ya tsaya mini a rai: mun san sunan sarkin da ya bayar da tsibirin, mun san Baturen da ya saya, mun san adadin kunkuran shekara da shekara. Amma a cikin duk abin da na ji ranar, ba wanda ya ambaci sunan bawa ko ɗaya.

15/ Ban ce kada ku je ba. Ku je, ku yi ninƙaya, wurin ya cancanta. Ku tafi da safe kafin cunkoso, kada ku taka murjani, kada ku hau bayan kunkuru. Amma in kun isa bakin ruwan, ku ɗan tsaya shiru na minti ɗaya kafin ku ɗaga waya.

16/ Wanda ya taɓa zuwa, me jagoranku ya faɗa muku game da ginin? Ina jiran ku a ƙasa. Allah Ya sa mu dace.