Littafin Ɗabi'u na Aristotal a Hannun Mafassara

Cikin littattafan falsafar ɗabi'a da suka wahalar da mafassara, da wuya a sami wanda ya kai Littafin Ɗabi'u na Nikomakus, wanda Aristotal (384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam) ya bari. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa duk wanda ya karanta shi da wani harshe ba Girkanci ba, to, yana karanta Aristotal ne haɗe da hukuncin waɗanda suka zaɓa masa kalmomi.

Wahalar farko daga littafin kansa take. Masana sun fi karkata ga cewa bayanan darasi ne da Aristotal ya tanada don almajiransa a Atina, aka harhaɗa su kashi goma. Saboda haka jimlolinsa a dunƙule suke, har ma ya tattauna batun jin daɗi sau biyu, a kashi na bakwai da na goma, ba tare da maganganun sun dace sarai ba.

A zamanin Abbasiyawa aka mayar da shi Larabci a Bagadaza, kuma akan danganta aikin ga Ishaƙ ɗan Hunainu, wanda ya rasu wajen shekarar 910. Kwafin wannan fassara, mai ɗauke da tarihin 1222, yana ajiye a taskar Ƙarawiyyin ta birnin Fas. Arberry da Dunlop ne suka fito da labarinsa a tsakiyar ƙarni na ashirin, Abdurrahman Badawi kuma ya buga shi a 1979. Abin mamaki, kashi goma sha ɗaya ne a cikinsa, domin an cusa wani kashi wanda ba na Aristotal ba bayan na shida. Ibn Rushd ya kammala sharhinsa a kan littafin a 1177, aka mayar da sharhin Latin a Toledo a 1240, kafin Robert Grosseteste ya fassara littafin kai tsaye daga Girkanci wajen 1246.

Wahala ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce ta kalmomi. Aristotal ya kira ƙololuwar burin ɗan Adam da sunan eudaimonia, wato rayuwa cikakkiya da mutum ya ƙare yana aikata nagarta. Larabawa suka ce sa'ada, kalmar da a kunnen Musulmi takan haɗa da rabon lahira. Bahaushe kuwa in ya ce farin ciki, ya mayar da ita halin zuciya na ɗan lokaci. In ya ce jin daɗi, ya ba ta sunan abin da marubucin ya ce ba shi ne ƙololuwar ba.

Haka nan megalopsychia, wadda Aristotal ya ɗauka adon sauran halaye: mutum ya cancanci babban matsayi, ya kuma san ya cancanta. Larabci ya ce kibarun nafs. In aka bi wannan kalma da kalma zuwa Hausa, sai a faɗa kan girman kai, halin da ba Bahaushen da zai yaba. Sai kuma kunya. Kirk-Greene, a nazarinsa na mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa ta cikin ginshiƙan nagartar Bahaushe, alhali Aristotal, a ƙarshen kashi na huɗu, ya ce ita ba cikakkiyar nagarta ba ce, motsin rai ce da ya dace da matasa. A nan mafassari na iya jarrabtuwa da sassauta maganar don kada ta sosa ran mai karatu, amma yin haka cin amanar littafin ne.

Ba a ce ra'ayoyin nan baƙi ne gare mu ɗungurungum ba. Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina Tahzibul Akhlaƙ a kansu, Imam Gazali (ya rasu a 1111) kuma ya amfana da Miskawaihi wajen bayanin cewa kowane hali nagari tsakaitawa ne tsakanin wuce gona da iri da gazawa, kamar yadda kyauta take tsakanin almubazzaranci da rowa. Ihya'u Ulumiddin kuwa sananne ne a zaurukan malamanmu tun kafin jihadin 1804. Ke nan wani sashe na tunanin ya iso ƙasar Hausa sanye da rigar Musulunci, ba da sunan mai shi ba.

Daga ƙarshe, abin da ya kamaci ɗalibi shi ne ya haɗa fassara biyu ko uku, ya bi kowace muhimmiyar kalma a duk inda ta fito, ya bar misalan marubucin su fayyace masa ma'anarta. Kalmar da ta zo masa da sauƙi, kamar kunya ko sa'ada, ita ya kamata ya fi yi wa tsanaki, domin a nan ne al'adarsa takan riga marubucin magana.