Sanya waya a shiru

Sanya waya a shiru, ko "sa ta a sailan" kamar yadda matasa ke faɗa, shi ne daidaita wayar salula yadda ba za ta yi ƙara ba idan kira ko saƙo ya shigo. Ana buƙatar haka a wuraren da jama'a ke taruwa cikin natsuwa, kamar masallaci, zaman makoki, kotu, aji da fadar sarki. A Najeriya batun ya taso ne bayan shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, wayar hannu kuma ta bazu har garuruwa irin su Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa a arewa maso yammacin Jihar Jigawa.

Hanyoyin yin sa

Akwai bambanci tsakanin kashe waya, sa ta a shiru, da sa ta a jijjiga. Wadda aka kashe ba ta karɓar kira, mai kira zai ji an ce a kashe take. Wadda ke shiru tana karɓa, kuma za ta nuna wanda ya kira daga baya. Jijjiga kuwa ba cikakken shiru ba ne, domin wayar da ke kan benci ko tebur tana gurnanin da na kusa zai ji. A yawancin ƙananan wayoyi masu madannai, irin su Nokia, Tecno da itel, danne madannin # na ɗan lokaci yana sauya tsarin ƙara. A manyan wayoyi akwai tsarin "kada a dame ni", wanda Apple ya shigo da shi a 2012, wanda ke iya barin kiran wasu zaɓaɓɓun lambobi ya wuce. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne, agogon farkarwa yakan buga ko da wayar tana shiru.

A masallaci

Nan ne aka fi jin matsalar. A masallatai da dama ana manna takarda a ƙofa ana roƙon masallata su kashe waya, wasu limamai kuma sukan tunatar yayin daidaita sahu. Ranar Juma'a abin ya fi nauyi, domin a mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a yankin, wajibi ne a yi shiru a saurari huɗuba. Idan waya ta yi ƙara ana tsakiyar salla, malamai da yawa suna ganin mutum ya sa hannu a aljihu ya katse ta, tunda ƙaramin motsi ba ya ɓata salla. Barin ta tana waƙa har a sallame ya fi cutar da jama'a. Danna madannin rage sauti sau ɗaya ya isa a wayoyi da yawa.

Wasu sukan sa karatun Alƙur'ani a matsayin ƙarar kira, suna zaton hakan ya fi dacewa. A 2007 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta hana haka, saboda ana yanke aya a tsakiya idan an amsa, kuma wayar tana iya bugawa a banɗaki.

Sauran wurare

A ɗakin jarrabawa shiru bai wadatar ba. Hukumomin JAMB, WAEC da NECO sun haramta shiga da waya, kuma ɗalibin da aka kama da ita yana iya rasa sakamakonsa ko da a kashe take. A manyan makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, yadda ake bi da waya a lacca yakan danganta da malami.

A zaman makoki da ɗaurin aure babu rubutacciyar doka, kunya ce ke aiki. Wanda aka kira yakan tashi ya koma gefe kafin ya amsa, amsawa a gaban manya kuwa ana ɗaukarsa rashin tarbiyya. Sai dai ɗan kasuwa ko mai jinya a gida ba ya son kashe waya gaba ɗaya, dattawa da yawa kuma ba su iya sauya tsarin ba, ga shi rubutun cikin wayar galibi da Turanci yake, shi ya sa sukan miƙa wa yaro ya sa musu kafin a shiga.