Gaya Tsakanin Dogo Biyu

Kawuna ya haura shekara talatin yana safarar atamfa da gwanjo tsakanin Kwatano da Gaya. Babu irin motar da bai shiga ba, babu shingen duwan ɗin da bai san inuwarsa ba, amma bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ƙasa ba sai ranar da muka tsaya ni da shi a tashar Mile 2 ta Legas. Ta ruwa muka baro gida, domin gadar da ta haɗa mu da Malanville a toshe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kwale-kwale mai inji ya tsallakar da mu kogin Isa, muka kwana a mota har Kwatano, muka bi ta Seme da Badagry. Da muka hau matakalar tashar, sai kawu ya tsaya yana waige-waige.

"Ɗana, ina ɗan kamasho? Da wa za mu yi ciniki?"

"Kawu, nan ba a ciniki. Kati ake saya a zuba masa kuɗi, a ɗora shi a bakin ƙofa, ita kuma ta buɗe."

Ya karɓi katin ya jujjuya shi. Na gaya masa sunansa Cowry, wato wuri. Sai ya yi murmushi ya ce ashe kuɗin kakanninmu bai mutu ba, riga ya sake.

Gaskiyarsa, domin da wuri aka fara sanin Gaya a harkar tafiya. Tun kafin Turawa, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato masu neman goron Gwanja a nan yankin suke tsallake kogi, ko ta Gaya ko ta Illo, su ratsa ƙasar Borgu su bi ta Djougou har Salaga. Madugu a gaba, jakuna da kanwa a baya, masu fito suna jira a bakin gaɓa. Garinmu mashiga ne tun asali, abincinsa yana cikin abin da ke wucewa ta kansa. Shi ya sa labarin jirgin ƙasa ya shafe mu fiye da yadda ya shafi wani gari a Nijar, ko da yake har yau ba mu ji kukansa ba.

Faransawa sun fara shimfiɗa dogo daga Kwatano a farkon ƙarni na 20, da niyyar kai shi bakin kogin Isa. Aikin ya yi ta jan ƙafa, bai isa Parakou ba sai 1936, bayan kilomita 438. A nan ya tsaya. Tsakanin Parakou da Malanville saura kilomita ɗari uku da ɗoriya, aka ce mota ta ɗan riƙe kafin a ci gaba. Wannan "kafin" ɗin ne muke ciki shekara kusan casa'in. A ɗaya gefen kuwa Ingilishi sun riga sun kai nasu dogon Kano tun 1911, suka miƙa reshe zuwa Ƙaurar Namoda a 1929, don haka gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta fi samun sauƙin fita ta Najeriya. Abin bai yi wa Faransawa daɗi ba. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani tsari da suka kira Hirondelle, inda manyan motoci ke kwaso gyaɗa daga gabashin Nijar su biyo ta Dosso da Gaya su sauke a Parakou, su juyo da kayan da jirgi ya kawo daga bakin teku. Jirgin fito ya kasa ɗaukar wannan nauyi, aka gina gada tsakanin Gaya da Malanville a 1958. Shekara guda bayan haka, a 1959, Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri, wadda daga baya aka sani da OCBN. Abin lura, Nijar ta zama mai kaso a hukumar jirgin ƙasa alhali ko taku ɗaya na dogo babu a cikin ƙasarta.

A nan akwai maganar da mutanen garinmu ba su cika son a faɗa ba. Rashin jirgin ya ciyar da Gaya. Da dogo ya wuce kai tsaye zuwa Yamai, da kaya sun riƙa ratsa mu cikin dare ba tare da ko mai shayi ya ci riba ba. Amma da yake a kan taya komai ke tafiya, dole mota ta tsaya a iyaka, direba ya kwana, a cika takardun duwan, a sauke a sake lodi, wani kayan ya juya ta Kamba ya shiga Najeriya. Daga wannan tsayawar aka samu manyan shagunan ajiya, da masu fitar da kaya, da makanikai, da masu tuwo, da ƴan kabu-kabu. Na san gidaje da dama da aka gina da kuɗin jiran mota. Sai dai cin da ya dogara ga hanya ɗaya tal yana da ranar kuka. An gani a ƙarshen 1963, lokacin da rikicin tsibirin Lete ya sa aka rufe iyaka da Dahomey. An sake gani a 2023, da layin motoci ya miƙe a Malanville har kaya suka riƙa lalacewa a cikinsu. Ga kuma titin da nauyin tireloli ke farfasawa kowace damina, da rayukan da ake asara a kansa. Ni dai a ganina abin da muka samu bai kai abin da ƙasa ta rasa ba, kuma mu ma da muka samu, a tafin hannun wasu yake.

Sai 2014 ta zo da wani sabon zumuɗi. Ranar 7 ga Afrilu aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, Shugaba Mahamadou Issoufou yana tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo. Kamfanin Bolloré na Faransa ya karɓi aikin, da alkawarin wata babbar da'ira da za ta haɗa Kwatano da Yamai da Wagadugu da Abijan. An so jirgi ya isa Dosso kafin bikin 18 ga Disamba na wannan shekarar, bai yiwu ba. Sai a ƙarshen Janairun 2016 aka ƙaddamar da kilomita 143 tsakanin Yamai da Dosso. Na tuna yadda ake hira a majalisun Gaya a lokacin: saura mu, saura kilomita ɗari da hamsin. Har wasu sun fara hasashen unguwar da za a sa tasha, farashin fili ya motsa.

Tun kafin a yanke ƙyallen buɗewa ma magana ta riga ta shiga kotu. Wani attajirin Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi aka fara ba aikin layin Kwatano zuwa Yamai. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya a 2015, kotun ƙoli ta tabbatar a 2017. A 2018 Shugaba Patrice Talon ya fito fili ya ce ya fi son a miƙa aikin ga Sin. Masana kuma sun yi ta sukar dogon da aka shimfiɗa, mai faɗin mita ɗaya irin na zamanin mulkin mallaka, a lokacin da maƙwabta ke komawa ga mai faɗi. Jirgin Yamai zuwa Dosso bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba. Duk wanda ya bi hanyar a mota zai ga ƙarfen a gefen titi, wani wuri yashi ya binne shi, wani wuri ruwa ya zare ƙasar da ke ƙarƙashinsa, awaki suna kwance a kai. Haka Gaya ta samu kanta: dogo ɗaya ya tsaya a kudu tun 1936, ɗaya ya tsaya a arewa tun 2016. Yanzu ido ya koma kan layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, kuma ba mamaki Maraɗi ta riga mu.

Saboda haka ɗan Gaya a garin wasu yake fara sanin jirgi. Wasu alhazanmu a Makka suka fara gani, jirgin da aka buɗe a 2010 mai zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ba ya aiki sai kwanakin hajji. Ɗalibai sun shiga na Alƙahira, wanda ya fara aiki a 1987, jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Afirka, ko na Aljiyas da aka buɗe a 2011. Ƴan kasuwa kuwa sai Legas.

Legas ɗin ma ba a kwana ɗaya ta samu ba, kuma wannan ne na ba kawu labari muna jiran jirgi. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari ya soke shi a 1985. Sai da aka yi shekara arba'in cif daga wancan ƙaddamarwa kafin fasinja na farko ya shiga wannan layin mai launin shuɗi, ranar 4 ga Satumban 2023. Kilomita 13 ne kacal, tasha biyar daga Mile 2 zuwa Marina. Kawu ya girgiza kai ya ce, "To ashe ba mu kaɗai ba ne."

Abin da ya fi ba baƙo wuya a irin wannan jirgi ba katin ba ne, sabo ne. Mu mun taso a tashar da mota ba ta tashi sai ta cika, inda za ka ajiye jakarka a kujera ka je ka yi salla ka ci abinci, karen mota ya neme ka. Nan babu mai nemanka. Jirgi ya zo, ƙofofi suka buɗe da kansu, suka ba mu ƴan daƙiƙu. Na riƙe hannun kawu muka shiga, domin na ga yana shirin tsayawa ya ba wata dattijuwa hanya, ita ma tana ba shi. Tun a dandamali wani ma'aikaci ya nuna mana layin da ba a ƙetarewa, ya ce akwai wutar lantarki a jikin ƙarfen da ke ƙasa. Babu mai kiran sunan unguwa da ƙarfi kamar a motar haya, sai murya daga lasifika cikin Turanci, wanda kawu ba ya ji. Dabarar fatake ya yi, ya ce in gaya masa zango nawa ne. Na ce huɗu bayan wannan. Ya riƙa lanƙwasa yatsa ɗaya duk inda muka tsaya.

Ta taga muna hango motoci cunkushe a kan titin Badagry, ba gaba ba baya, mu kuwa muna wucewa a cikin sanyi. Bayan tashar gidan wasan kwaikwayo na ƙasa jirgin ya hau saman ruwa. Kawu ya manna goshinsa a gilashi yana kallon kwale-kwalen masunta a ƙasa, irin wanda ya fito da mu daga gida kwana biyu da suka wuce. Bai ce komai ba har ya lanƙwasa yatsa na huɗu.

A Marina na miƙa hannu zan karɓi katin in ajiye mana, ya hana ni. Ya buɗe jakar fatar da yake sa takardun tafiya, ya zura shi kusa da katin ɗan ƙasa.

"Bar mini shi, ɗana. Zan nuna wa yara a gida."